Amyoyin Ɗanmaliki a Cikin Waya

Ɗanmaliki mutumin Fakku ne, mai zuma, kuma Allah Ya zuba masa taurin kai. Tun yana saurayi yake saƙa amya da gamba, ya shafe ta da kashin shanu, ya rataya a kan ɗorawa da marke a kurmin yamma da gari, ƙudan zuma su shiga.

Da tsaro ya taɓarɓare, sojoji suka kafa sansani a gefen kurmin, suka kewaye kurmin duka da waya. Ɗanmaliki ya yi ta masifa har matarsa Ruwaida ta gaji da ji. Ba a jima ba bakinsa ya mutu. Masu gawayi sun cinye dajin waje ƙarƙaf, cikin wayar nan kaɗai ake ganin zabin daji da zomo. Sojojin kuma sukan bar shi ya shiga ɗiban zuma.

Kwatsam aka ce an ɗauki masu gatari su share kurmin, kada ɓarayin daji su sami maɓoya. Hankalinsa ya tashi, ya nufi babban sojan. Mutumin ya ce kusa da sansani dole a share. Can nesa kuwa, duk iccen da masu gatari suka ƙyale, shi ma ya ƙyale. Amma daga Juma'a ba mai sake shiga, har shi Ɗanmaliki.

To, a ƙasar nan ba a ɗora gatari kan iccen da ke ɗauke da amyar wani. Abin kunya ne babba. Sai mutuminka ya duƙufa saƙa amyoyi yana rataya su a itatuwan kurmin, har yatsunsa suka tsattsage. Da ya ga ba su isa ba, ya sauko da amyoyin da ke gonarsa, ya kai su kurmin.

Ruwaida ta riƙe haɓa. "Malam, mi kaka yi haka? Ka kai abincinmu inda ba ka shiga?"

"Na sani," in ji shi. "Kurmin nika so ya tsira."

Masu gatari suka zo, suka ɗaga kai, ko'ina amya. Suka yi tsaki, suka wuce.

Yanzu gero yake nomawa, ba ya ko isarsu shekara. In ɗorawa ta yi fure, yakan tsaya jikin wayar yana sauraron kukan ƙudan da ransa a dagule. Ko ɗigon zuma bai sake lasa ba. Bana ya dasa ɗorawa a wajen wayar, tsawonta bai kai gwiwa ba, amma tuni ya saƙa mata amya.