Ƙafar Koci a Tashar Gummi

A tashar Gummi, Tasi'u mai shinkafa ya ƙura wa wani baƙo ido. Mutumin ya fara furfura, usur na lilo a wuyansa, yana ɗingishi irin na wanda ƙwallo ta cinye wa gwiwa. Ƙila har jirgin sama ƙafar nan ta hau da shi. 'Yan wasansa na loda kaya, kowa "Koci, Koci." Sai ƙwallo ta suɓuto daga saman mota. Kocin bai ko ajiye kofin shayinsa ba, ya tare ta da ƙafa, ta kwanta luf.

"Ni ma na iya wannan, kafin Baba ya tura ni fadama," in ji Tasi'u.

Ba wanda ya waiwayo. Ya dubi kaushin ƙafafunsa, ya ɓoye su bayan buhu.