Man da na ajiye wa akori-kurar Baba

Mu mutanen yankin nan ajiya muka iya. Masara ta yi araha da kaka, sai a ɗure ta a buhu, a jibge a ɗaki, a jira ta yi daraja. Haka waken soya, haka barkono. Da wannan tunanin na tashi a ƙauyenmu da ke kusa da Tsiga, kuma da shi na kwantar da motar mahaifina, duk da bokon da nake taƙama da shi.

Akori-kura ce, tsohuwar yayi, sa'ar ƙanena a shekaru. Murfin tankinta ya ɓata tun ina firamare, Baba ya toshe bakin da totuwar masara naɗe da tsumma, bai kuma sake tunanin sayen wani ba. Aikinta na kaka ne kawai: ta kwaso amfani daga gona, ta kai buhuna kasuwar Dandume. Da damina kwanciya take yi a ƙarƙashin rumfar kwano. Amma duk Juma'a in Baba ya dawo daga masallaci, sai ya tayar da ita ya zauna a ciki yana sauraron injin, har sai Inna ta leƙo ta ce hayaƙi ya ishe ta.

Ana gab da saukar ruwan farko ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, magana ta koma sai an kasa kunne. Ƙanena ya karɓi gona. Ni da nake koyarwa a Funtuwa, sai na ɗauki abin da na ga ya fi sauƙi, na ce mota a bar mini. A lokacin mai kullum ƙara tsada yake yi, don haka na yi dabarar manomi. Na zo da jarkoki na cika tankin har baki, na mayar da totuwa, na ce kaka ta zo ta same mu a shirye. Wallahi har daɗi na ji, ina ganin na yi abin kai.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Ina zuwa gida duk ƙarshen wata, in gaida Baba, in wuce motar nan ina cewa wani zuwan zan tayar da ita. Ban taɓa tayarwa ba.

Da masara ta fara bushewa a kan kara, na je gida na tarar da Baba a zaure an jingina shi da filo. Ya kama hannuna da na hagunsa.

"Ka kai ni gona in gan ta," ya ce, sai da ya maimaita sau biyu na fahimta. "Tun tana tsaye."

"Gobe da safe, Baba, in sha Allahu. A motarka ma."

Da safe aka sa batir, na murza makulli. Ta yi tari, ta kama, ta yi ta kakari kamar tsohon da tuwo ya shaƙe, ta mutu. Aka tura ta har bakin hanya aka dawo da ita, injin ko motsi. Warin mai ya cika gidan, ashe ta ƙasa yake ɗiga.

Na ɗauko wani dattijon bakanike daga Malumfashi, wanda ya daɗe yana duba wa Baba ita. Ya zuƙo man a kwalba ya ɗaga ta sama. Hawa biyu ya rabu, na sama ja-ja, na ƙasa fari-fari mai gurɓi.

"Malam, yaushe ka zuba wannan?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai.

"Ai man yanzu ba a ajiye shi. Wani akan haɗa shi da sinadarin nan, itanol, irin wanda ake tacewa daga rake ko rogo. Damshi yake sha. Kai kuma ka bar mashi baki da totuwa, damina guda. Ga ruwa nan ya kwanta a ƙasa. Sabbin motoci an yi su don shi, wannan kuwa ba ta san shi ba."

Ya ciro tiyon mai ya matsa, ya narke masa a yatsa. Robar famfon mai ta yage, cikin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ya yi farin gari, gindin tanki duk tsatsa. Ban san ko kowane mai haka yake ba, ni dai wanda na zuba haka ya yi.

Nan ƙanena ya ja ni gefe.

"Yaya, mu nemo motar haya mu kai shi yau. Masarar nan ba za ta jira ba. Gara ta fara hawa, ga masu ɗan hali."

Ga inda na fi jin haushin kaina. Da na ce to, da magana ta ƙare. Amma kunya ta hana ni. Ni na ɓata motar, ni kuma na yi wa Baba alkawari a cikinta, sai na ga in aka ɗora shi a ta wani, duk ƙauyen zai san abin da malamin makaranta ya aikata. Na ɗaga wa ƙanena murya, na ce Baba bai taɓa shiga gonarsa a motar aro ba, kwana biyu kacal za a gyara. Ba wanda ya tambayi Baba ra'ayinsa. Ƙanena ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan, Yaya," ya fita.

Kwana biyu suka zama mako uku. Kayan irin wannan mota sun ƙare a shaguna. Na zaga Funtuwa, na je Zariya, na ƙare a wajen 'yan gwangwan ina tonon ƙarafa. In an samo famfo, sai a ga bai dace ba. In an wanke tanki, sai wani rami ya ɓullo. Ƙanena ya jira iya jiransa, sannan ya sa aka karye masarar, aka kwaso ta da amalanke. Ban ga laifinsa ba. Inna ta hana a gaya wa Baba, ni kuma ban yi ƙarfin halin gaya masa ba.

Ranar da motar ta tashi, Baba ya ji ƙararta daga zaure, ya fara laluben hularsa. Muka ɗauke shi muka zaunar da shi a gaba. Duk hanya yana riƙe da ƙofa, idonsa a kan gonakin mutane, waɗanda duk an girbe. Na san ya gane tun kafin mu isa, amma bai ce mu juya ba.

Na tsaya a bakin gonar. Kara ne a zube, shanun makiyaya suna kiwo a ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya kasa sauka, ni ma ban kashe injin ba, don ina tsoron kar ta ƙi tashi.

Can ya juyo da ƙyar.

"Ta yi kyau?"

Na buɗe baki zan ce ta yi, sai na tuna tun da aka shuka ta ban taka gonar ba. Da ta nuna ma, ina can ina bin ƙarafa.

"Ban gan ta ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da idonsa kan shanun.

"To, mu je gida," ya ce.

Allah bai nufa ya ga wata kakar ba.