Shaidar Inna

Ranar wata Litinin, a daminar da na shiga aji huɗu, Inna ta ɗaura zanenta na zuwa suna, muka hau bayan motar gawayi daga ƙauyenmu na gefen dajin Kamuku zuwa kotu a birni. An tafi da ni ne don in goya autanmu. Shaida za ta bayar a kan maƙwabcinmu na gona, wanda ya sari Yaya Sani da gatari har lahira saboda rikicin iyaka, a kan idonta, lokacin da ta kai masa fura.

Yaya Sani ne ɗan farinta. Shi ke tura mu korar tsuntsaye a gonar gero, ya ɗaure mana gwangwanaye a igiya, yana tsokanarmu: "Ku da tsuntsayen nan ban san wa ya fi ɓarna ba." Kamar kowace uwa a wajenmu, Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ƙaunarsa gaban mutane. "Wancan yaron" take cewa, alhali tsoka mafi girma a kwanonsa take sauka.

Na zaci alƙali zai yi irin na mai unguwa, ya yi ta tambaya har ya tono gaskiya, ya taka ya ga gonar. Ashe nasa zama ne da rubutu. Lauyoyi biyu ke karawa kamar 'yan kokawa, shi kuma ya duba wa ya yi kaye. Na gwamnati da safiyar nan ya fara ganin Inna, ya ɗan tambaye ta ya zauna. Na maƙwabcinmu ya miƙe, ta bakin tafinta ya ce ta faɗi sunan mamacin. Inna ta sunkuyar da kai. Ya ce ta dubi wanda ake tuhuma ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa namiji ba. Duk sanda ta ɗauko labarin daga farko sai ya katse ta: "E ko a'a, Mama." Daga nan ya zubo Turanci. A waje tafinta ya gaya wa Kawu, wanda ya raka mu, abin da lauyan ya ce: macen da ta kasa faɗin suna, ta kasa ɗaga ido, ko hawaye babu, ba a ɗaure mutum a kan maganarta. Bayan kaka aka sallami mutumin, ya koma gonarsa, mu muka bar tamu.

Yanzu na girma, an fahimtar da ni cewa dole a matsa kowace shaida don kada a hukunta marar laifi. Na yarda. Yau ma a yankinmu 'yan bindiga kan kashe mutum ba a kai ko ƙofar kotu ba. Amma wallahi zuciyata ba ta huce ba. Inna ta rasu bara, kuma har ta koma ga Allah babu wanda ya bar ta ta kai ƙarshen labarin.