Kwalbar da na danne da ƙanƙara

Ku matso ku ji, wannan dai ko tsufa ba zai goge mini shi ba.

Shekararmu bakwai da aure a unguwar Jama'a, ba haihuwa. Duk saiwar da surukata ta samo, ni ake ɗura wa. Ran nan maigidana ya dawo daga wajen waldarsa a Chikaji, ya tarar ina yamutsa fuska a kan kofi. Ya ce, "Ɗacin nan ya isa haka. Ni za a gwada."

A wani ɗakin gwaji a Samaru aka ba shi 'yar kwalba, wai ya kawo maniyyinsa kafin awa ɗaya ta cika. Ni kuwa zoɓo nake sayarwa a gida, sanina duk abin da ba a so ya lalace ƙanƙara ake sa masa. Na cusa kwalbar a kula, na danne ta sosai, muka hau babur.

Matar da ke gwajin tana buɗewa ta fashe da dariya. "Baiwar Allah, kunun aya kika kawo mini? Sanyi ai kashe wa 'ya'yan maniyyi gudu yake. Ɗumin jiki suke so."

Kunya kamar in nutse. Bayan kwana uku maigidana ya sake kai wani, kwalba a aljihun ƙirji.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce masa, "Sojojin jiki suna da saƙon da suke aika wa juna in cuta ta shigo, har a ruwan namiji akwai shi. Naka ya yi yawa, alamar kumburi a ciki. Su suna ta kiran yaƙi, 'ya'yan maniyyi ke jigata." Karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena bai zubar da kalma ko ɗaya ba.

Ran Lahadi bayan sujada a coci sai ga surukata da sabuwar jarkar jiƙon saiwa. A gaban ƙannensa ya karɓe ta. "Mama, ki ƙyale ta. Gwaji ya nuna daga wajena ne, ina kan magani."

Sai Mama ta miƙe, ta juye jarkar a gindin gwaiba.

Haihuwa ta zo a lokacin da Allah ya so, amma ni ranar nan na fi tunawa. Na gane mazantaka ita ce mutum ya sauke wa matarsa laifin da ba nata ba, da bakinsa, a gaban dangi. Ku faɗa mini, maza nawa kuka sani da za su karɓi jarkar nan?