Kwanon da Na Fitar Ƙofar Gida

A gidan marayun da na tashi a Maraɗi, kowa da farantinsa. A buga ƙarfe, ka shiga layi, a zuba maka naka daidai da na kowa, ka kare shi da hannu har ka cinye. Da wannan tarbiyyar na sauka Madarunfa bayan an sallame ni, na samu aikin gyaran moto, wato babur, na kama ɗaki a gidan wani tsohon masunci kusa da tafki.

Mazan unguwar ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a zauna kan tabarma ƙofar gidan tsohon, a ci tare. Ni kuwa sai in dafa nawa, in tura ƙyaure, in cinye. Ba rowa ba ce, haka na iya. In sun ce "Bismilla," in ce "Na ƙoshi," in wuce.

Wata rana tsohon ya tare ni a zaure.

"Yaro, mutane na tambaya ta mi kake ɓoyo. In ba ka iya zama da mu, ka nemi wani ɗaki."

Ɗakin nan shi ne wuri na farko da na taɓa riƙe makullinsa, kuma ba ni da dangin da zan koma wa.

Washegari na dafa shinkafa da wake, girki kam an koya mana. Na ari farantai wurin mai shayi, na raba abincin daidai wa daida, kowa da rabin kifinsa, na jera a gaban mazan unguwar ina jin na yi bajinta. Sai wani mai amalanke ya fashe da dariya.

"Kai, mu 'yan kaso ne?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Tsohon ya jawo babban kwano ya juye farantan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya matsa ya bar mini wuri kusa da gwiwarsa. Na sa hannu ina ɗari-ɗari, don ban san inda rabona ya tsaya ba.

Da aka gama na tattara farantai, ina jiran a yi maganar ɗaki. Tsohon ya wanke hannu, ya miƙo mini kwanon.

"Gobe ka rage gishiri, ɗana. Kuma a cikin wanga za ka zubo."