Juma'ar da Aka Kulle Mu a Kafe

Ba a daɗe da kawo Shari'a ba ƙanwata ta dawo wurinmu a Kaura, tana karatun kwamfuta a Poli. Inna ce ta turo ta daga Shinkafi, da sharaɗin in dai ba makaranta za ta ba, ƙafata ƙafarta.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya gina shafin intanet. Nata na hatsin kasuwarmu ne, hotunan gero da dawa da wake, da bayanin ƙauyukan da ake kawo su. Ba ta da littafin kirki. Wani faifan darussa ne ke yawo hannu-hannu a ajinsu, duk ya kakkarce, sai takardun da take bugowa a kafen intanet, ni kuma in ɗinke mata su da zaren kaba. Ina tankaɗe tana karanta mini, ina tsintar abin da Turancina na sakandare ya iya ɗauka.

Ranar da shafin ya buɗe a kwamfutar da ta aro, na ce, "To Alhamdulillahi, an gama."

Ta ce, "Yaya, tuwo ne cikin tukunya. Ba a kwashe ba."

Wai sai ta ɗora shi kan wata babbar kwamfuta da ke wata ƙasa, wadda ba a kashewa, sannan malamanta su iya buɗe shi daga ofis ranar Litinin. In bai buɗe ba ta maimaita shekara, Inna kuwa ta riga ta ce babu ƙari.

Lokacin mata sun daina hawa kabu-kabu, don haka a ƙasa muke takawa zuwa kafen da ke wajen tasha. Na zauna bayanta a benci da carbina. Tana danna aikawa sai wani koren layi ya fara jan ciki a fuskar kwamfutar, awa hawainiya, domin samari sun cika wurin, kowa na jan nasa rabon intanet. Mai kafen dattijo ne mai kirki. Da an yi kira sai ya tafa hannu, "Salla, jama'a," ya kashe janareto ya rufe. Layin ya mutu, kuma manhajar da take da ita ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai a koma farko. Azahar ta yanke mu, La'asar ta yanke mu. Ba wanda zai ce a jinkirta salla, mu ma ba mu so. Ranar Alhamis, a hanyar gida, na ga tana goge ido da bakin hijabi.

Da maigida ya dawo ya tsokane ta yadda ya saba. "Amaryata, mi ya faru? Injiniya ta kasa?"

Ba ta yi dariya ba. Na ce masa, "Malam, gobe Juma'a. Maza duk za ku watse masallaci, mu kuwa ba ta wajaba a kanmu ba. In mai kafe zai bar janareto ya kulle mu ciki, ka yarda?"

Ya shafa gemu ya ce ya yarda. Da safe shi da kansa ya je ya yi magana da dattijon, ya kai masa galan na fetur.

Muka tafi da buta da darduma. Aka ja ƙofar ƙarfe, muka ji ƙarar kwaɗo. Unguwa ta yi tsit, sai gurnanin janareto da huɗuba can nesa. Kwamfutoci duk babu kowa, layin nan da ya wahalar da mu sai ga shi yana tafiya sumul. Muka ture kujeru muka yi Azahar a tsakaninsu. Na daɗe a sujada ta ƙarshe.

Da muka sallame layin ya cika. Ba ta yarda ba tukuna. Ta koma kan wata kwamfutar da ba ta taɓa zama a kanta ba, ta rubuta adireshin da yatsa ɗaya. Hoton ya sauko daga sama a hankali: gero ne, a kan faifaina mai jan baki, wanda na daɗe ina cigiyarsa.

Na ce, "Ashe ke kika ɗauke shi."

Ta kifa kanta a kafaɗata tana dariya. Muna haka muka ji ana taɓa kwaɗon, dattijon yana sallama daga waje. "Hajiya, kuna nan da rai?"

Ƙanwata ta ce, "Baba, an kwashe tuwo."