Kwanon da Kaka Ta Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina Islamiyya yayana ya leƙo ajinmu, ya ce in ɗauko jakata. Tun kafin mu isa Ƙofar Marke na hango tabarmi a ƙofar gida, na san Kaka Hajiya Ige ta tafi.

Kaka tana da wani tsohon kwano da ba ta barin kowa ya taɓa. Da shi ta riƙa kai wa kakanmu abinci lokacin da aka ɗaure shi kan rikicin gona. A bakin gidan yari gandiroba yakan caccake tuwon da tsinke, ko an ɓoye wani abu a ciki. Ta san za a ɓata shi, amma kullum sai ta mulmule shi sumul. Takan ce, "Mutum ko ɗaure yake, a kai mishi tuwo da kyawonshi."

Da aka fara mai da tsohon gidan yarin gidan tarihi, ma'aikatan suka zo neman tsofaffin kaya. Kaka ta ce musu, "Ankwa da sarƙa kaɗai za ku nuna? Mu da munka tsaya cikin rana bakin ƙofa fa?" Suka yi alkawarin dawowa su ɗauki muryarta. Kafin su dawo ta kwanta ciwo.

Ni ce mai yi mata fifita, ni ta ba labarin duka, ta ce ni zan faɗa wa ma'aikatan. Na ce, "Kaka, ni ko gaban baƙo ban iya magana." Ta yi dariya ta ce, "Ke ƙawata, mi kika tsoro? Ni gaban masu kulki nit tsaya."

Bayan sadakar bakwai Baba ya raka ni gidan tarihin da kwanon. Idona a ƙasa, na faɗa musu yadda ta faɗa mini, har da sunayen matan da suka yi layi tare da ita. Matar da ke ɗaukar maganar ta tambaye ni inda za a ajiye kwanon. Na ce kada a sa shi ciki, a bakin ƙofa Kaka ta tsaya.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da kakanmu a Aljanna. Baba da gwaggonnina, Allah Ya ba su haƙuri. Amin.